Zanen Hammadu

Duk wanda ya san Nassarawa a Birnin Kebbi ya san shagon Malami mai hoto. Da wankin fim ya fara, shekara ashirin hannunsa na warin magani. Da kwamfuta ta zo, sa'o'insa suka koma sayar da albasa, shi kuwa ya ce ba inda za shi. Ya zauna da tabarau a ƙarshen hanci, yana danna linzamin kwamfuta da yatsa ɗaya kamar mai kashe kuɗin cizo, har ya iya.

Abin da ya fi taƙama da shi shi ne farfaɗo da hoton da ya koɗe. Dabarar ba ta da yawa: ka nuna wa kwamfuta wurin da ya fi baƙi, ka nuna mata wurin da ya fi fari, sauran launi sai ya jeru a tsakaninsu. Malami ya saba, baƙi gashin kai, fari kuwa riga. Bai taɓa tsayawa tunani a kai ba.

Wata Laraba wata tsohuwa, Baiwa, ta zo daga Gulma da hoto a ƙulle cikin gefen zane. Mijinta ne, marigayi Hammadu masunci, tsaye bakin gulbin Argungu da gora da homar kamun kifi. Shi kaɗai ne hotonsa a duniya, ya yi fari-fari kamar an wanke shi da toka. Idonta ya fara hazo, tana son ta sake ganin fuskarsa tun tana iya gani.

Malami ya sa hoton a sikana, ya danna gashi, ya danna riga. Nan take hoto ya haska, fuska ta yi sumul. Ya juyo da allon yana murmushi.

Baiwa ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta daɗe.

"Wanga ba shi na ba."

"Inna, shi na mana."

"Ina zanenai? Hammadu Bakabe na, kumcinai duk zane. Kuma rigatai daɗai ba ta yi hwari hakan ga ba. Mutumin da kullum yana cikin gulbi?"

Kunya ta rufe Malami. Rigar da laka ta rina ya ce wa kwamfuta fara ce, ita kuwa ta bi maganarsa, ta haska komai har ta cinye zanen mutum.

"Zamna, Inna. Ba ki tahiya sai da shi."

Ya goge duk abin da ya yi. Ya ƙara girman hoton, yana bin sa lungu-lungu. Masu son fasfo suka zo, ya ce su dawo gobe. Baƙi na gaskiya ya same shi a cikin bakin gora. Fari ya fi ba shi wahala, sai bayan la'asar ya hango ɗan ƙyallin rana a kan ruwa, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya yi bisimilla ya danna.

Riga ta koma launin ƙasa. A kumatu kuwa layuka suka fito siri-siri, ɗaya bayan ɗaya.

Baiwa ta ɗora yatsa a kan gilashin, tana bin su a hankali daga kunne zuwa baki. Malami, wanda ba ya yarda kowa ya taɓa masa allo, ya ƙyale ta.

"Malam," ta ce, ba da mai hoto take ba, "ka rame."