Rezon Malanbil Ya Cuce Mu Ranar Suna

Liman na shirin faɗin suna ke nan, hoto ya daskare.

Ni ke riƙe da waya, ina nuna wa ƙanena Isa sunan 'yarsa kai tsaye. Yana Aljeriya yana aikin gini. Sunan marigayiya mahaifiyarmu ya zaɓa wa yarinyar, burinsa kawai ya ji an faɗa da kunnensa.

Tun safe bidiyon ke yankewa. Duk ya yanke sai in ƙara matsawa ta wajen gulbin da ya raba garinmu Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin, in ɗaga waya sama, wai can fili ne, rezo, wato sabis ɗin waya, zai fi ƙarfi.

Maƙwabcinmu Alhaji Idi, tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, ya karɓi wayar ya duba.

"Ɗana, kai ke kai ta inda take ruɗewa. Yanzu ta kama rezon Nijar, an jima ta kama na Malanbil. Duk tsallen da ta yi, hoto ya zube. Dawo bayan katanga."

Ya cire ta daga otomatik, ya ɗaure ta kan rezo ɗaya, ya rage nauyin hoton. Bidiyo ya dawo tas. Amma an riga an shafa fatiha, ana rabon goro.

"Yaya, an faɗa?" in ji Isa.

Na ce an faɗa. Ya tsaya yana kallona. Wannan karon hoton bai daskare ba, ina ganin idonsa sarai.

Wallahi na gaji. Mutanen Gaya, dama kun san wannan kuka bar ni ina bin gulbi?