Ledar da Kawu Bai Ɓare Ba

Gari bai gama wayewa ba na tarar da Kawu, kamar yadda kowa ke kiransa, a shago, hancinsa ya kusa taɓa tebur, yana goge furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, da auduga. A benci ɗaya muka tsufa, ni ina gyaran allon kwamfuta, shi yana haɗa kwamfutar tebur.

Bai taɓa yarda da abin da aka rubuta a kwalin kaya ba. In an ce masa wannan furosesa ƙwaƙwalwa takwas gare ta, tana ɗaukar ayyuka da yawa lokaci guda kuma ba ta shan wuta, sai ya kunna, ya tara bayan hannunsa inda iska ke fita, ya jira.

Idonsa ne ya fara cin amanarsa. Ya ɓoye, don maigidan shago ya sha faɗa cewa benci ba wurin jinya ba ne, kuma da bencin nan Kawu ke riƙe 'ya'yan ƙaninsa marigayi. Na sani, na kama bakina.

Ranar, wata mai haɗa bidiyo ta dawo da sabuwar kwamfutar da ya haɗa mata. Ta ce da ta buɗe aiki biyu sai fanka ta hau kuka, komai ya mutu. Maigida ya kwance kwamfutar a gabanta. A ƙasan ƙarfen da ke sanyaya furosesa akwai 'yar leda mai kama da ruwa, wadda ake ɓarewa kafin a ɗaura. Tana nan, Kawu ya shafe ta da man sanyaya. Ita ta tsare zafin a ciki, iska ta fito da sanyi, hannunsa ya ce masa lafiya lau.

"Kawu, riga ka sa mata kar mura ta kama ta?" in ji maigida.

Matar ta yi dariya, sannan ta dubi Kawu ta daina. Na ce a bar shi, ni zan riƙa duba masa ƙananan abubuwa. Maigida ya ce ba ya ajiye mutum biyu a aikin mutum ɗaya.

"Bari, ƙanena," Kawu ya ce mini. "Ban gan ta ba. Gobe ma ba zan gani ba."

Ya lalubi bakin ledar da farce ya ɓare, ya sake shafa mai, ya ɗaura. Kwamfutar ta tashi shiru.

Da la'asar na hango shi a bakin titi, jakar kayan aikinsa a hammata. Ya tsayar da wani mai wucewa, ya miƙa masa waya, yana roƙon ya nemo masa lambar wani shagon gyara.