Bashin Takin Aliero

Lokacin da kamfanin taki ya ɗora ni a kan sashen karɓar bashi a Jega, karatuna bai wuce sakandare ba, don haka nake ganin kowa a ofis jira yake in yi kuskure. Aikinmu shi ne mu ba dillalai taki bashi, in albasa ta fito mu bi su mu karɓo kuɗin kamfani.

Cikin ma'aikatana akwai wani Bafulatani magidanci mai kula da Aliero da Maiyama. Kowa ya biya ta hannunsa, ban da wani dillali guda a Aliero. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne ko sunan mutumin ba ya kamawa. In na tambaya sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Dattijon can? Zai biya, Manaja."

"Dattijon can ba shi da suna ne?"

Sai ya yi murmushi kawai.

Wata ranar kasuwar Jega muna tsaye tare, dillalin ya ɓullo ta layin masu hatsi. Ma'aikacina yana hango shi sai ya hau babur ya bi wata hanya. Na ce a raina, kuɗin nan ya riga ya karɓe ya cinye, tsoro yake a haɗa su a gabana. Ban tambaye shi ba. Na buga wa hedkwata waya, aka sallame shi a ƙarshen wata. Ya ajiye makullin babur a teburina, ya ce in yafe masa in ya taɓa saɓa mini.

Na tafi Aliero da kaina. Dillalin ya shimfiɗa mini tabarma kusa da rumbun albasarsa.

"Kuɗinku na cikin wanga rumbu, Manaja, farashi nika jira ya tashi," in ji shi. "Amma ku ma, don Allah, wa ka aiko ma mutum mijin ɗiyarsa ya bi shi bashi? Da wane baki zai tambaye ni? Ko ido ba mu haɗawa."

Bayan ya sayar da albasar ya biya duka.

Da na sake ɗaga waya na ce na yi kuskure, da an mayar da ma'aikacin nawa bakin aikinsa. Amma mataimakina mai digiri ne, kuma na daɗe ina zargin kujerata yake so, ban yarda in ba shi abin kai ƙarata ba. Sai na shaida wa hedkwata cewa ni na karɓo bashin da ya gagara. Aka yaba mini, aka ƙara mini albashi. Kafin damina ta faɗi aka ba wani gurbin mutumin.