Lambar Baffa a Ƙirjin Manjon Bogi

Jama'a, yau saura ƙiris in yi dambe a gidan suna a Kiru!

Kun san ni da tara lambobin yabo na soja da tarihin hafsoshin da suka same su. Ina zaune sai ga wani mutum ya shigo cikin farar shadda, lamba tana ƙyalli a ƙirjinsa. Kowa sai "Manjo, Manjo!"

Na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, a ina aka samo wannan?"

Ya ce, "Laberiya, yaro. Jinina na zubar."

Na ce, "Wace bataliya?"

Ya galla min harara. "Ina ruwanka?"

Mutane suka sa baki ya bari in duba. Ina juya ta, wallahi sai ga rubutu. Sunan Baffana ne a gefenta! Marigayi Kyaftin Sale, wanda ya dawo daga can da ƙafa ɗaya! Tun ranar jana'izarsa muke nemanta.

Na ce, "Maƙaryaci! Ɓarawo!"

Ya ce, "Ka san da wa kake magana?"

Ya fizge, na riƙe gam. Rigarsa ta yage, hularsa ta faɗi, lambar ta biyo hannuna. Sai wani dattijo ya miƙe yana nuna shi: "Af! Ai wannan direban da ya kawo gawar Kyaftin ne daga asibiti!"

Kafin ka ce kwabo Manjon ya tsallake tabarmi, ko takalmi bai ɗauka ba.

Yanzu haka ina motar Tudun Wada. Sai na damƙa lambar a hannun matar Baffa zan sha ruwa.