Ƙarfen Sabis a Ƙofar Jauro

Ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da aka aike ni in kwance ƙarfen sabis ɗin da na ɗaura da hannuna. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, gara ku ji labarin daga bakina, domin abin da ke cikin rahoton ofis daban ne.

Ni ba injiniya ba ne. A firamare na tsaya, na yi shekaru ina ɗaura wa mutane dish na talabijin a unguwannin Barade da Majidaɗi a Jalingo, sannan ƙungiyar nan ta ɗauke ni mai hawa ƙarfe. Kun san halina. Noti ɗaya sai na duba shi sau uku, in na sauko kuma in sake hawa.

Aikin da muka je yi a wani ƙauye ne a hanyar Lau, inda sabis ɗin waya ba ya kaiwa. Tsarin kuwa haka yake: mu kafa ƙarfe, mu ɗora masa na'ura da sola da batir, mu janyo intanet daga Jalingo, mu damƙa wa kwamitin gari su riƙa kula da abinsu. Sabis ɗin ba ya nisa, sai mutum ya zo kusa da ƙarfen ya zauna. Ana ba gari wata shida na gwaji. In na'ura ta nuna ana amfani da shi, ya zama nasu. In ba haka ba, a kwashe a kai wani gari.

Shugaban tawagarmu Injiniya Bulus ne. Ya san aikinsa, kuma ba mugu ba ne, sai dai kullum cikin sauri yake. Da rani muka fara zuwa, aka yi taron jin ra'ayi a ƙofar Jauro, wato mai garin. Maza suna kan benci a gaba, mata can baya a tsaye jikin katanga. Jauro ya ce a kafa ƙarfen nan ƙofarsa, ido na kai, ba mai taɓa batir. Injiniya ya ce, "Akwai mai wata magana?" Shiru. Ya sake tambaya, aka sake shiru. Ya rubuta a fom cewa kowa ya amince.

Washegari aka bar ni ina awo. Wurare biyu na gwada, ƙofar Jauro da filin injin niƙa kusa da burtsatse, duka biyun suna kamawa daidai. A bakin injin na haɗu da Mama Rifkatu, shugabar matan da ke yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Su ne masu manyan wayoyi a garin, domin da saƙon murya suke magana da 'yan kasuwar Jalingo, su ji ranar da mota za ta zo da yawan kayan da ake so. Kafin su tura saƙo ɗaya sai sun taka har tudun bakin titi, tafiya mai nisa, su bar gyaɗa a kan wuta.

Ta ce mini, "Kai mai tsani, da gaske wai ƙofar Jauro za ka sa shi?"

Na ce, "Haka taro ya yanke, Mama."

Ta yi dariya. "Taro! To wace mace za ta zauna can? Rabin matan garin nan surukan Jauro ne, ko na ƙannensa. Ko wucewa za su yi sai sun cire takalmi, su bi ta baya. Sauran mu kuma mu baje a gaban dattawa muna cinikin ƙuli a waya? Musulmi da Kirista, babu wanda zai yi. Sa shi nan, nan muke wuni."

Na ce, "Me ya sa ba ku faɗa ba jiya?"

Ta dube ni kamar ba a ƙasar nan aka haife ni ba. "A gaban Jauro?"

Gaskiyarta. Ni ma uwata ba ta taɓa zama inda kakana yake ba. Na san wannan tun ina ƙarami, amma na tsaya a taron nan ina riƙe da fayil ban tuna ba.

Fom ɗin ba shi da gurbin irin wannan magana, sai na rubuta ta a baya da fensir. Na goge na sake, na goge na sake, ina tsoron a yi wa rubutuna dariya a ofis. A mota na ce wa Injiniya, "Oga, akwai wata 'yar magana game da mata."

Yana tuƙi ya ce, "Isiyaku, matan ba su zo taro ba?"

"Sun zo, Oga."

"Sun ce ba su yarda ba?"

"A'a, Oga, amma..."

"To ka bar ni da Jauro lafiya. In muka ɓata masa rai wa zai tsare mana batir?"

Na ce a raina mai digiri ya fi ni gani, kuma wanda aka ɗauka hawa ƙarfe, in ya cika magana ana iya samun wani. Da aka ɗauki hoton fom aka tura sama, gaban kawai aka ɗauka.

Muka kafa ƙarfe, aka yi buɗewa, aka yi hotuna. Duk wata ina zuwa dubawa. In tarar da dattawa a inuwarsa suna hira, ƙananan wayoyinsu ba sa ma shiga intanet. Samari kuwa damina ta faɗi, suna gona. A hanyar komawa sai in hangi matan a kan tudun bakin titi, hannu a sama, suna neman sabis. Nakan sunkuyar da kai a kan babur. Sau ɗaya na sake tayar da maganar, a wata na huɗu, aka ce takarda ta riga ta wuce, ba a canza wuri a tsakiyar gwaji.

Da wa'adi ya cika, rahoto ya fito. An karanta mana shi a ofis. Wai mutanen garin ba su shirya wa irin wannan ci gaba ba, suna bukatar wayar da kai. Ina zaune a wurin, na bar shi ya wuce haka.

Ni aka tura kwancewa. Notikan da na ɗaure sau uku suka ƙi fita, sai da na yi gumi sosai. Da na ɗauko kaya zan wuce ta bakin injin, Mama Rifkatu tana tankaɗe, ba ta ko miƙe ba.

Ta ce, "Mai tsani, an gama?"

Na ce, "An gama, Mama. Ki yi haƙuri."

Ta ce, "Ai ka iya aiki. Iska ya yi, ruwa ya yi, ƙarfen nan ko motsi bai yi ba." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya ke nan, kuma shi ya sa nake takura muku. A garuruwanmu shirun taro ba amincewa ba ne, sau da yawa ladabi ne. Kafin ku auna sabis, ku zaga ku ga inda mutane ke wuni, wa ke iya zama a ina, wa ba ya iya buɗe baki a gaban wa. Abin da aka gaya muku a gefe, ku rubuta shi a gaban fom, ko da rubutunku ya fi nawa muni, ku kuma maimaita shi da baki har a gaji da ku.

An taɓa cewa za a sake duba sunan garin. Ba a duba ba, domin rahoton yana nan a fayil. Makon jiya na bi hanyar Lau, matan suna kan tudun.