Jinkirin da Kawu Tafinta Ya Roƙa

Yayan mahaifiyata ne, amma a asibitin da ya tsufa yana aiki ba wanda ya san shi da wani suna sai Tafinta. Kujerarsa ta roba tana tsakanin teburin likita da bencin marasa lafiya. Harsuna huɗu ne a bakinsa, kuma yana da hali ɗaya mai ƙona rai: ba ya fassara sai mai magana ya kai aya. Tsohuwa za ta faro ciwon gwiwarta tun daga haihuwar ɗanta na fari, likita na duba agogo, Kawu ya naɗe hannu abinsa.

Ƴarsa tilo ta yi aure a nesa, ta haihu a can. Jikar ta tashi da harshe na biyar, wanda Kawu bai iya ba. In an yi kiran bidiyo ta waya sai jikar ta ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga, uwar ta tsaya tsakani tana guntule zance. Daga nan sai ya ajiye wayar. Mutumin da ya fassara bakin dubban jama'a, ga shi ya rasa na jininsa. Abin yana ci mini rai.

Ni aikina haɗa manhaja. Na yi watanni a ɗakina ina gina wadda za ta fassara magana tun tana fitowa daga baki. Babban abokin gabana jinkiri ne. Na yi ta aske shi har na'ura ta koma tana fara fassara kafin mutum ya rufe baki, kaina kuwa ya kumbura.

Ranar da za mu gwada ta da jikar, Kawu ya sa rigar da yake zuwa aiki da ita, har da turare.

"Kawu, ai ba ta jin ƙanshi ta waya."

"Kai dai kunna, sarkin surutu."

Yarinyar ta bayyana, haƙoran gaba biyu babu. Ta buɗe baki ke nan muryar na'ura ta hau kan tata, tar da ita, ba kuskure ko ɗaya: ta ce kyanwarta ta haihu a cikin kwandon wanki. Na juya ina jiran yabo.

Kawu ya dafe wayar da tafin hannu.

"Ɗan nan, wa ya koya wa abin nan katse mutane?"

"Saurin ai shi ne aikin, Kawu."

"Na ji labarin kyanwa. Ita ce ban ji ba. Tun da aka haife ta nake jiran ta yi mini magana, ni kaina. Ka ce masa ya jira ta gama."

Na mayar da duk jinkirin da na aske. Yarinyar ta ci gaba da zuba, tana haki, tana dariya, da kalmomin da bai san ko ɗaya ba. Kawu ya naɗe hannu, ya matso da kunnensa kusa da wayar.