Ajamin da Na Rubuta a Jikin Sandunan Golf

Da sunan Allah nake farawa, Shi Ya san abin da aka ɓoye da abin da aka bayyana, kuma ina roƙon Ya tsare harshena daga ƙari.

Na daɗe ina riƙe da alƙalamin kara a Azare. Na rubuta wa mutane wasiƙu da ajami, na rubuta iyakar gona, na rubuta wasiyyar tsofaffin da ba su yarda da boko ba. Amma sau ɗaya tak aka taɓa kawo mini sandar ƙarfe aka ce in yi mata rubutu, kuma wanda ya kawo ta ɗan kawuna ne, taubashina. Saboda haka duk abin da na faɗa a kansa a nan haƙƙina ne na wasa, ba giba ba ce.

Alhaji, haka muke kiransa, ya yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma, zaman gida kuwa bai karɓe shi ba. Mutumin da ya saba a miƙe masa in ya shigo ofis, sai ga shi yana jayayya da mai kayan miya a ƙofar gida. Ana cikin haka muka je wani ɗaurin aure a Giade, muka haɗu da wani ɗan unguwarmu na dā, abokin karatunsa, wanda ya zama babban mutum a Abuja. Irin mutanen nan ne da in sun sa baki sai a ba ka kujera a hukumar gudanarwar wata ma'aikata. Kujerar nan ita Alhaji yake mafarki tun ranar da ya ajiye aiki.

Suna cikin hira babban mutumin ya ce shi yanzu ba ya hutawa sai a filin golf, wasan nan da nake jin 'yan rediyo suna kira ƙwallon lambu. Alhaji bai ko haɗiye yawu ba ya ce ai shi ma ya daɗe yana bugawa. Ina zaune a gefensa. Iyakar sanina, sandar da ya taɓa riƙewa ita ce ta korar awaki daga rumbun kawu. Babban mutumin ya yi murna, ya ce to su haɗu a Kano bayan mako uku su buga, a can ma sa yi maganar kujerar.

Akwai wani ɗan kasuwa mutumin kudu da ya fi shekara talatin a garinmu, yana sayar da kayan gwanjo, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Ta hannunsa Alhaji ya sa aka aiko da jakar sandunan golf daga Legas. Ranar da ta iso na raka Alhaji. Doguwar jaka ce kamar ta saka gawa, cike da sanduna, wasu da manyan kawuna sanye da hula, wasu sirara masu baki kamar na fartanya. Mutumin ya yi masa nasiha ta gaskiya. Ya ce mai koyo ba ya buƙatar fiye da biyar ko shida: mai babban kai ta bugun nesa, na ƙarfe biyu ko uku, ɗaya ta fitar da ƙwallo daga rairayi, ɗaya ta gangara ta cikin rami. Alhaji ya ɗaure fuska ya tambaye shi wa ya gaya masa shi mai koyo ne. Ya kwashe duka goma sha huɗun.

Sauran kayan ma sun ba ni aiki. Akwai 'yan turakun katako da ake ɗora ƙwallo a kai, waɗanda na ɗauka tsinken sakace ne na masu manyan haƙora. Akwai takalmi mai ƙusoshi, da laima, da hular hana-salla, wadda sunanta kaɗai ya ishi mai hankali wa'azi. Safar hannu kuwa guda ɗaya ce. Alhaji ya tsaya kai da fata an cuce shi, sai an kawo 'yar'uwarta, har sai da mutumin ya nuna masa hoto a waya ya ga Turawan ma ɗaya suke sawa.

Kullum bayan la'asar sai mu fita wani fako a hanyar Katagum. Ni ina zaune a inuwar aduwa, shi yana haƙar ƙasa. In ya kai duka, ƙasa ta tashi, ƙwallo tana nan inda take tana kallonsa. Wani Bafulatani da ya zo wucewa da shanunsa ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko gafiya Alhaji yake haƙa, don in ita ce ba nan raminta yake ba.

Zuwa mako na biyu ya fara samun ƙwallon, sau ɗaya cikin uku. Abin da ya gagara shi ne sanin wace sanda ce ta wane aiki. Lambobin da ke jikinsu ba su zauna masa a kai ba. Sai ya zo mini da dabara. Ya ce in rubuta aikin kowace sanda da ajami a 'yar takarda, ya manna a ƙarƙashin mariƙi. Waɗannan manyan 'yan boko, in ji shi, ba mai iya karantawa, za su ɗauka ado ne.

Na ce masa faɗin gaskiya ya fi wannan sauƙi, ya je ya ce shi sabon shiga ne. Ya ce in riƙe wa'azina sai Juma'a.

Na rubuta. Na dama tawada, na fere sabon alƙalami, na yi baƙaƙen da baƙi, wasulan da ja, yadda aka koya mana, don ban iya rubutun ganin dama ba. Wata na sa mata "ta farko, ta nesa". Wata "in ta faɗa rairayi". Wata "kusa da rami, a hankali". A jikin mai babban kan ya sa na ƙara "kada ka ɗaga kai". Ya naɗe kowace da salatif mai haske.

Ranar tafiya ya ce in raka shi, hanya tana son abokin hira. Na yarda, don ina da littattafan da nake son dubawa a kasuwar birni. Na sa babbar rigata, na naɗa rawani, na ɗauki carbina, kamar yadda nake fita ko'ina. Muka bi ta Jama'are, muka isa da hantsi.

Filin ya ba ni mamaki, ciyawa shar a tsakiyar rani, ana ba ta ruwan da zai ishi lambun albasa goma. Na samu benci a ƙarƙashin wata bishiya kusa da inda ake farawa, na zauna ina jan carbi. Babban mutumin ya iso da abokansa biyu. Aka gaisa, ya yaba jakar, ya zaro sanda ɗaya yana jinjina ta. Sai idonsa ya sauka a kan rubutun. Ya zaro ta biyu, ya ga wani. Ya zaro ta uku. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya mayar da su da yatsu biyu, ya goge tafinsa a jikin wando, sannan ya waiwayo ya dube ni, da rawanina da carbina.

Mahaifin mutumin nan alaramma ne. A zaurensu na fara ganin ajami. Da ya riƙe ko kaɗan daga abin da ke gidansu, da ya karanta "in ta faɗa rairayi" ya yi dariya.

"Alhaji, mene ne wannan a jikin sandunanka?"

Kafin Alhaji ya amsa, mutumin ya nuno ni da baki.

"Wancan kuma wane ne?"

"Malam ne, ranka ya daɗe. Tare muke."

"Na ga alama. Wato har sai ka haɗa da malam kafin ka zo wurina? Me na yi maka?"

Na miƙe don in karanta masa, abin minti ɗaya ne. Alhaji ya riga ni, ya damƙe wuyan hannuna har sai da carbin ya shige mini fata. Ya ce a hankali, "Taubashi, in ka buɗe baki, ni da kai har abada."

Na koma na zauna. Babban mutumin ya ce bayansa ya riƙe tun safe, yau ba zai iya bugu ba. Ya juya yana motsa leɓe, abokansa suka bi shi, ba wanda ya miƙa mana hannu. Alhaji bai buga ko ƙwallo ɗaya a filin nan ba.

Sai da muka wuce Wudil na tambaye shi dalili. Na ce ga kujera tana tafiya, kalma huɗu za su dawo da ita, ya hana ni. Ya amsa, idonsa a kan titi.

"Gara a ce na yi masa asiri da a ce ban iya ba. Mai asiri tsoronsa ake ji. Wanda bai iya ba dariya ake yi masa."

Na ce to Allah Ya kyauta, tunda a wurinsa shirka ta fi jahilci daraja. Ya ce in sauka in hau motar haya in ba zan yi shiru ba.

Ya yi ta kiran lambar mutumin wata guda, ba a ɗauka. Daga baya muka ji an ba wani mutumin wajen Dagauda kujerar. Na nemi gafarar Ubangiji a kan shirun da na yi, don na bar bawan Allah da mummunan zato alhali maganinsa yana bakina.

Alhaji kuwa har gobe in an zauna majalisa bayan la'asar yakan ba da labarin ranar da wani babban mutum daga Abuja ya ga jakarsa ya ji tsoron bugawa da shi. Yakan juyo ya ce, "Ga Malam nan, a gabansa aka yi." Ni kuma sai in ce haka aka yi, domin haka ɗin aka yi.